Daga Garmisch, waɗanne tsofaffin fadoji ake zuwa a dawo a yini ɗaya?

Tambaya: Ni da iyalina za mu yi kwana biyar a Garmisch-Partenkirchen da ke kudancin Jamus a watan Yuli. Akwai yara uku, akwai kuma mahaifiyata mai fama da ciwon gwiwa. Za mu ɗauki hayar mota. Waɗanne tsofaffin fadojin sarakuna ne za mu iya zuwa mu gani mu dawo masauki a ranar?

Amsa: Malam, Allah ya kai ku lafiya, ya ba Hajiya sauƙi. Yi wa baƙi jagora a wannan yanki shi ne sana'ata, don haka bari in ba ka amsa a tsanake.

Kun dace da masauki. Garin yana gindin Zugspitze, dutsen da ya fi kowane tsayi a Jamus, mita 2,962, iyakar Ostiriya kuma tana kusa ta kudu da ta yamma. Yawancin wuraren da zan ambata ba su kai tafiyar sa'a ɗaya da rabi a mota ba. Sai dai tsaunuka ne suka raba su, kowanne yana cikin nasa kwarin, shi ya sa abin da ke kusa a taswira yake yin nisa a kan titi. Ka ba kowace rana fuska ɗaya, yau yamma, gobe kudu. Duk wanda ya ce zai haɗa fada uku a yini ga yara ga tsohuwa, a cikin mota zai ƙare yininsa.

Akwai abin da nake so ka sani tun kafin ka sayi tikiti. Gine-ginen yankin nan iri biyu ne, kuma wanda ya fi suna ba shi ne ya fi tsufa ba. Akwai waɗanda aka gina don tsare hanya da karɓar haraji da yaƙi, an zubar da jini a gindinsu, yawancinsu yau kangaye ne. Akwai kuma waɗanda mutum ɗaya, Sarki Ludwig na Biyu na Bavariya, ya gina tsakanin 1869 da 1886, lokacin da jirgin ƙasa da wayar tangaraho sun riga sun zama ruwan dare a Turai. Neuschwanstein, farin ginin nan mai dogayen hasumiyoyi da ake gani a hotuna, yana cikin kashi na biyu. Ba a taɓa harba kibiya daga cikinsa ba. Yana damuna in ga baƙi sun zo sun kalle shi shi kaɗai, sun koma gida da zaton sun ga Turai ta shekara dubu da ta wuce. Tunda da yara za ku tafi, ka haɗa musu iri biyun, kuma ana iya yin haka tun ranar farko.

Ku fara da Linderhof. Daga Garmisch wajen kilomita 25 ne. Hanya tana hawa ta Ettal, inda za ku wuce wani katafaren gidan ibadar Kiristoci mai ƙubba da aka kafa a 1330, sannan ta shige kwarin Graswang. Cikin manyan fadoji uku na Ludwig wannan ce ƙarama, ita kaɗai aka gama yana raye, kuma a nan ya fi zama. Asalinta ɗakin farautar mahaifinsa ne. Ga Hajiya ba wadda ta fi ta sauƙi: daga wurin ajiye motoci tafiyar minti goma ce cikin lambu, ɗakunan duk suna bene ɗaya, zagayen da mai jagora bai wuce minti 25 ba, ga wuraren zama a waje.

Ba za ku fahimci ginin ba sai kun san mai shi. An haifi Ludwig a 1845, ya hau gadon sarauta a 1864 yana ɗan shekara 18. Shekara biyu bayan nan Bavariya ta mara wa Ostiriya baya a yaƙi da Purushiya, aka ci su. A 1871 ƙasarsa ta shige cikin sabuwar daular Jamus ƙarƙashin sarkin Purushiya. Rawani yana nan, iko ya tafi. Shi kuwa tun yana yaro irin sarautar da yake buri ita ce ta Louis na 14 na Faransa, wanda ba mai ce masa don me. Da ya rasa ta a zahiri, sai ya ja jikinsa daga Munich, ya shige tsaunuka, ya dinga gina ta da dutse da ruwan zinariya. Shi ya sa da kun shiga zauren Linderhof, mutum-mutumin da zai tarye ku bisa doki ba na wani kakansa ba ne, na Louis ne. Ɗakin da ya fi kowane girma a gidan shi ne na kwana, ga shi kuma mutum ne mai raya dare ya yi barci da rana. A ɗakin cin abinci akwai tebur da ake saukarwa ta cikin daɓe zuwa ƙasa, a jera abinci, a sake turo shi sama, don kada sarki ya haɗa ido da barorinsa. Yara suna son teburin nan. Ni kuwa duk sa'ad da na tsaya gabansa tausayin mutumin nake ji, sarki guda yana cin abinci shi kaɗai cikin dare.

Lambun ya fi gidan daɗi. A gaban fadar akwai ruwa mai tsartuwa sama fiye da mita 20, ana sakinsa duk rabin sa'a a lokacin bazara, kuma ba inji ke tura shi ba, nauyin ruwan da ke gangarowa daga tudu ne. Can sama akwai kogon da aka ƙera da ƙarfe da siminti, da ɗan tafki a ciki, wanda aka haskaka da wutar lantarki tun 1878, lokacin da biranen Turai ke kunna fitilun gas. An shafe shekaru ana gyaransa, sai ka duba lokutan shigarsa a shafin hukumar kula da fadojin Bavariya. Abin da zai fi jan idonku shi ne wani ɗan gini mai ƙubbar zinariya da ƙananan hasumiyoyi irin na masallaci. Ba masallaci ba ne. An yi shi ne don baje kolin duniya na Paris na 1867, Ludwig ya saye shi a 1876, ya sa aka yi masa karaga da adon ɗawisu. Akwai wani kuma da ake kira Gidan Maroko, daga baje kolin 1878. A wancan zamani manyan Turai sun kamu da sha'awar ginin Andalus da na Turkiyya, suna ɗaukar adon su bar abin da adon yake yi wa hidima. Yana da kyau yara su gani da idonsu yadda fasahar Musulmi ta burge sarki a tsakiyar tsaunukan Alps. Ka sani kuma akwai gumaka da zane-zanen mutane ba sutura a lambu da ɗakuna, kamar yadda yake a kusan duk fadojin Turai, don ka shirya abin da za ka gaya musu.

In kun gama, kada ku juyo. Ku miƙe yamma, hanya za ta tsallaka da ku Ostiriya, ta bi gefen tafkin Plansee, inda za ku tsaya ku yi azahar ku ci guzurinku. Titin siriri ne mai kwana-kwana, a bi shi a hankali. Daga nan sai garin Reutte, kuma kudu da shi kaɗan sai Ehrenberg.

Wannan shi ne gidan yaƙi na gaske, kuma shi ne wurin da na fi so a duk yankin. A nan tsaunuka biyu suka matse kwari har ya zama maƙogwaro. Ta cikinsa tsohuwar hanyar Rumawa ta bi, wadda aka kammala zamanin Sarki Kalaudiyas wajen shekara ta 46 miladiyya, mai haɗa arewacin Italiya da kogin Danube. Daga baya ta zama hanyar gishiri: ana ɗauko shi daga Hall da ke kusa da Innsbruck, a kai shi yamma wajen tafkin Konstanz da Suwizalan. Duk wanda ya ji labarin ayarin gishirin Bilma da kuɗin fito da madugu ke biya a kowace ƙasa ya riga ya san me ake yi a Ehrenberg. An gina bango ya toshe kwarin daga wannan dutse zuwa wancan, aka bar ƙofa ɗaya. Ba keken da zai wuce sai ya biya. A kan tudun da ke saman ƙofar kuma sarakunan Tirol, wato wannan yanki na Ostiriya, suka kafa tungarsu wajen 1290, don wanda ya ƙi biya ko ya zo da runduna ya gane kurensa.

Rundunoni kuwa sun zo. A 1546, lokacin yaƙin Furotesta da Katolika, an kame wurin. A 1552 Moritz na Saksoni ya fasa ƙofar kwarin ya nufi Innsbruck, har sai da Sarkin Sarakuna Karl na Biyar, mai mulki daga Sifen zuwa Amurka ta Kudu, ya gudu cikin dare ana ɗauke da shi saboda ciwon gaɓoɓi. Labarin da ya fi shiga raina shi ne na 1703. Sojojin Bavariya sun mamaye Tirol sun zauna a Ehrenberg. Manoman yankin suka lura akwai wani dutse da ya fi tungar tsayi, sai suka jawo igwa da hannu har ƙwanƙolinsa, suka yi ta luguden wuta daga sama har maharan suka miƙa wuya. Masu mulki suka ɗauki darasi, suka gina sabuwar tunga a kan wannan dutse, Schlosskopf, aka gama ta a 1741. Ba ta taɓa ganin yaƙi ba. A 1782 Sarki Yosef na Biyu ya soke tungayen Tirol, aka yi gwanjonsu, mutane suka yi ta kwasar duwatsun suna gini da su. Abin da ya rage shi za ku gani: ganuwa, ƙofofi a jere, ramukan harbi, da kwari shimfiɗe a ƙasa. In yaro ya tsaya a nan ya leƙa titin da motoci ke bi har yau, ba sai an yi masa dogon bayanin dalilin gina wurin ba.

A ƙasa, cikin tsofaffin gine-ginen ƙofar, akwai gidan tarihi inda yara ke gwada sulke da kwalkwali, da wurin shan shayi inda Hajiya za ta huta. Akwai kuma na'urar ɗaukar mutane da ke hawa gangaren zuwa kangon, in tana so ta ga sama ba sai ta taka ba. Daga can wata gada mai lilo ta tsallaka kwarin zuwa wata tungar da ke ɗaya ɓangaren. An buɗe ta a 2014, tsawonta mita 406, tsayinta daga ƙasa mita 114, kuma daɓenta raga ce ta ƙarfe, ana ganin ƙasa ta ƙarƙashin ƙafa. Kada a matsa wa yaron da ya ce ba zai hau ba. Komawa Garmisch ta Lermoos da Ehrwald ne, ƙasa da sa'a ɗaya, Zugspitze yana gabanku.

Rana ta biyu ta Neuschwanstein ce, kuma ita ce mai buƙatar shiri. Wajen sa'a ɗaya ne daga Garmisch zuwa ƙauyen Hohenschwangau kusa da garin Füssen. Mutum fiye da miliyan ɗaya ke zuwa duk shekara, Yuli kuwa shi ne tsakiyar cunkoso. Ka sayi tikiti ta intanet makonni kafin tafiya. A jikinsa akwai sa'a da minti, in ka makara ya tashi a banza. Ka nemi na safe. Daga ƙauyen zuwa ƙofar fadar hawa ne na minti 30 zuwa 40. Akwai bas, akwai keken doki, amma ba wanda ke kaiwa bakin ƙofa. A ciki kuma matakala sun haura 300 hawa da sauka, ana tafiya a ayari, ba tsayawa, ba ɗaukar hoto, cikin rabin sa'a an fito da ku. Akwai lif don masu keken marasa lafiya, amma sai an nema tun kafin ranar. Shawarata game da Hajiya, ta zauna a bakin tafkin Alpsee da ke ƙasa tare da wani daga cikinku. Daga ƙauyen ana hango Neuschwanstein da fadar Hohenschwangau, ga inuwa, ga ruwa garai-garai, ba abin da ta rasa da ya kai wahalar gwiwarta.

An aza harsashin ginin a ranar 5 ga Satumba 1869. Wanda ya zana kamanninsa ba magini ba ne, mai zanen bangon dandalin wasan kwaikwayo ne, Christian Jank. Cikinsa jan bulo ne, aka lulluɓe shi da farin dutse. Ɗakin karaga ƙarafa ne ke riƙe da shi, gidan yana da famfo da bututun ɗumama ɗaki da tarho. Bangon ɗakuna cike yake da zanen tatsuniyoyin jaruman Jamus na da, waɗanda mawaƙi Richard Wagner ya yi wasanninsa a kansu, domin Ludwig shi ne ubangidansa mai biya masa bashi. Wagner ya mutu a 1883 bai taka ginin ba. An tsara ɗaki kusan 200, waɗanda aka gama ba su kai 20 ba, kuma a ɗakin karaga har yau ba karaga.

Ba daga baitulmali Ludwig ya yi gine-ginensa ba, da kuɗin gidan sarauta ne da rance, har bashi ya kai mak miliyan 14, kuɗin Jamus na lokacin. Da ya matsa wa ministoci su nemo masa ƙari, ya kuma yi barazanar sallamarsu, sai suka sa likitoci suka rubuta cewa ya samu taɓin hankali, ba tare da sun duba shi ba. A Neuschwanstein aka kama shi, aka kai shi wata fada a bakin tafkin Starnberg ranar 12 ga Yuni 1886. Washegari aka tsinci gawarsa da ta babban likitan, Bernhard von Gudden, a ruwa marar zurfi. Shekararsa 40. Hukuma ta ce kashe kansa ya yi, mutanen Bavariya da yawa har gobe ba su yarda ba. Mako bakwai bayan mutuwarsa aka buɗe gidan da ya gina don kada kowa ya shiga, aka fara karɓar kuɗin kallo. A yaƙin duniya na biyu 'yan Nazi sun ɓoye kayan fasahar da suka wawuso daga Faransa a cikinsa, sojojin Amurka suka same su a 1945. A watan Yulin 2025 hukumar UNESCO ta sa manyan fadojin Ludwig uku da gidansa na Schachen, wanda zan ambata a ƙarshe, cikin jerin kayan tarihi na duniya.

Hoton da kowa ya sani daga gadar Marienbrücke ake ɗaukarsa, wadda ke rataye wajen mita 90 saman kwazazzabo. Tana cika maƙil da tsakar rana, a riƙe hannun yara.

In lokaci zai ba ku damar shiga ɗaya kawai, ni Hohenschwangau zan zaɓa, rawayar fadar da ke fuskantar Neuschwanstein daga ƙaramin tudu. Mahaifin Ludwig, Maksimiliyan, ya sayi kangon wata tsohuwar tunga a 1832 ya sake gina ta, aka gama a 1837. A nan iyalin suke yin bazara, a nan yaron ya tashi yana kallon irin waɗannan zane-zane a bango. Gida ne da aka zauna a cikinsa da gaske, da kujeru da gadaje da kyaututtukan da aka yi amfani da su. Akwai ɗakin sarauniya da aka yi wa adon Turkiyya bayan ziyarar da Maksimiliyan ya kai can. Tikitinta daban ne, domin ba a hannun gwamnati take ba, tana hannun asusun gidan sarautar Wittelsbach, zuriyar su Ludwig. A fadojin gwamnati kuwa yaron da bai kai shekara 18 ba ba ya biyan kuɗin shiga, amma shi ma sai an kama masa gurbi.

Rana ta uku ku yi kudu, zuwa Innsbruck, don fadar Ambras. A mota ana bi ta Mittenwald da Seefeld, sannan a gangara Zirl, gangare mai tsanani da sai an sa ƙaramin giya, kada a dogara da birki kaɗai. Amma ni jirgin ƙasa zan ba ku shawara. Layin tun 1912 yake, yana manne da jikin dutse yana shiga ramuka yana fita, kwarin kogin Inn yana can ƙasa, tafiyar wajen sa'a ɗaya da minti 20. Hajiya za ta ga tsaunuka tana zaune. Daga tasha sai bas ko tasi.

Ambras gidan Yarima Ferdinand na Biyu ne na zuriyar Habsburg, mai mulkin Tirol, wanda aka haifa a 1529, shekarar da Sultan Sulaiman na Daular Usmaniyya ya yi wa Vienna ƙawanya. A 1557 ya auri Philippine Welser a ɓoye, 'yar attajiran Augsburg, ba jinin sarauta ba. Mahaifinsa ya yarda bisa sharaɗin a rufe maganar, 'ya'yansu kuma ba za su gaji mulki ba. Tunda ba ta da wurin zama a fadar cikin gari, sai ya gyara mata tsohuwar tungar Ambras ya ba ta. Mutanen Tirol suna tunawa da ita da alheri saboda magungunan itatuwa da taimakon marasa lafiya. Ɗakin wankanta yana nan. Babban zauren, wanda aka gina tsakanin 1569 da 1572, tsawonsa mita 43, da hotunan masu mulkin Tirol 27 a jere, da rufin katako sassaƙaƙƙe.

Abin da ya sa Ambras ta fita daban shi ne tarin kayan Ferdinand. Ya gina musu ɗakuna na musamman, ya jera su bisa tsari, kuma suna wurin da ya ajiye su fiye da shekara 400, shi ya sa ake lissafa ta cikin gidajen tarihi mafi tsufa a duniya. Akwai sulken mayaƙan zamaninsa, da ƙananan sulke na 'ya'yansa, da na wani ƙaton dogarinsa da ya haura mita biyu. Akwai murjani da hauren giwa da agogo da kayan da aka kawo daga Asiya. Akwai sashen kayan Usmaniyya, bakuna da kwari da garkuwa da aikin fata, domin shi kansa ya jagoranci yaƙi da Turkawa a Hangari a 1556, yana yaƙarsu yana kuma sha'awar aikin hannunsu. A nan yaro mai son tarihi zai fi ƙaruwa, kuma ba mai kora ku, kuna zagayawa yadda kuke so. Ɗakunan makamai suna ƙasa, fadar sama ce mai benaye. A lambu ɗawisu suna yawo.

Tunda sau biyu ko uku za ku tsallaka iyaka, fasfo da takardar izinin zama na kowa su kasance a jaka. Jamus da Ostiriya duk suna cikin Shengen, yankin Turai da aka ɗauke binciken iyaka tsakanin ƙasashensa, amma 'yan sandan Jamus suna binciken motoci a wannan iyaka tun 2015. Ka gaya wa kamfanin hayar mota za ka shiga Ostiriya. Babban titin Ostiriya sai da takardar kuɗin hanya da suke kira Vignette, ana sayenta a gidan mai ko ta intanet, amma hanyar Plansee da Reutte da Ehrwald ba ta buƙatarta.

Abinci sai an lura, domin alade ne naman yankin. In ka ga Schwein ko Schinken ko Speck a takardar abinci, shi ne, kuma ana yawan barbaɗa Speck a miya da dankali ba tare da an rubuta ba, sai ka tambaya. Kifin ƙorama da suke kira Forelle yana ko'ina. Akwai taliyarsu mai cuku da soyayyiyar albasa, Käsespätzle, yara suna sonta. Fankensu mai zaƙi, Kaiserschmarrn, wani lokaci ana jiƙa zabibinsa da barasa. A Garmisch da Füssen da Innsbruck akwai shagunan Turkawa. Ranar Lahadi kantuna a rufe suke, a yi cefane tun Asabar. A fadojin ba wurin salla, sai ku riƙe darduma a mota, fili kuwa ba ya ƙarewa. A Yuli rana ba ta faɗuwa sai wajen tara na dare. In Juma'a ta same ku, akwai babban masallaci a Penzberg, arewa da Garmisch, da aka buɗe a 2005.

Herrenchiemsee, fada ta uku ta Ludwig, wadda ya gina a kan tsibiri yana kwaikwayon Versailles, fadar Louis na 14, ku bar ta zuwa wata tafiyar. Sa'a biyu ne zuwa, ga jirgin ruwa, ga dawowa, ya yi wa Hajiya yawa.

Akwai kuma kango a bakin garinku da baƙi ba su cika sani ba, Werdenfels, a tudun da ke tsakanin Garmisch da Farchant. Hawan kusan rabin sa'a ne cikin kurmi, ya dace da yammacin ranar hutu. Daga 1249 yana hannun manyan limaman cocin Freising, waɗanda suka mulki wannan kwari har farkon ƙarni na 19, suna cin arziƙin fatake masu ɗauko kaya daga Venis zuwa Augsburg. Tarihinsa yana da ɗaci: wajen 1590 an tsare mutane a nan bisa zargin maita, aka kashe kusan 50, galibinsu mata. Bango kaɗan ne ya rage, amma daga nan ana ganin garin duka da tsaunukan da ke bayansa.

Na ƙarshe naka ne kai kaɗai, ko kai da babban yaro in yana da ƙafa. Shi ne gidan Ludwig na Schachen, mita 1,866 a kan dutse, an gina shi tsakanin 1869 da 1872. Mota ba ta zuwa. Ana ajiye ta a Elmau, kusa da otal ɗin da aka yi taron ƙasashen G7 a watan Yunin 2015, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya halarta kwanaki kaɗan bayan rantsar da shi. Daga nan tafiyar ƙasa ce ta sa'a uku zuwa huɗu. Daga waje gidan katako ne ba wani ado. Ƙasansa ma ɗakuna ne na talaka. Sai an hau bene a tarar da zauren Turkiyya, da tagogi masu gilashi kala-kala, da kilisai da kujerun kishingiɗa da maɓuɓɓugar ruwa a tsakiya. A nan sarkin yake bikin ranar haihuwarsa, 25 ga Agusta. Ana buɗe shi ne daga Yuni zuwa farkon Oktoba kawai, kuma da mai jagora ake shiga, a sa'o'i ƙayyadaddu. Ka tashi bayan asuba, ka sa takalmi mai kama ƙasa, ka ɗauki ruwa da rigar sanyi da ta ruwa, ka kuma fara saukowa da azahar, domin a Yuli hadarin tsaunuka da yamma yake haɗuwa, kuma da tsawa yake zuwa.